Amsa game da "busasshiyar" farar giyar inabi ta tsoffin gonakin gangara

Ka tambaya ko "busasshiya" na nufin babu barasa a cikinta, da kuma dalilin tsadarta. Sam ba ta nufin babu barasa, kuma ya kamata wanda ke guje wa barasa ya kiyaye, domin abin sha ne mai sa maye. Kalmar tana nufin yis ya cinye kusan duk sukarin ruwan inabin, ya mayar da shi barasa. A ƙa'idar Tarayyar Turai, abin da ya rage ba ya wuce giram 4 a lita, ko 9 idan tsaminta yana da yawa.

Tsadar kuwa daga wahalar noma take. A kwarin kogin Mosel na Jamus, gangaren Calmont ya kai kusan digiri 65, inda tarakta ba ta hawa, sai ma'aikaci ya goya kwando a baya, yana tsinkar inabin Riesling da hannu, tsakuwa tana zamewa ƙarƙashin ƙafarsa. Tsohuwar kuringar inabi tana ba da 'ya'ya kaɗan, amma saiwarta ta yi nisa cikin ƙasa. Manomin da ya bar takin zamani da maganin ciyawa kuma dole ya koma ga fartanya, yana yaƙar funfuna ta amfani da farar wuta da sinadarin tagulla.