Tsohon injin share kafet yana jan hannu, mai gyara ya ce ba komai

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina cikin kwamitin masallacin unguwarmu. Wani bawan Allah ya sayo mana injin share kafet a wurin 'yan gwanjo, irin mai tsayuwa da ake turawa. Hoover ne, gindinsa ƙarfe, da jakar ƙyalle a jikin mariƙi da 'yar fitila a goshi. A ƙarƙashinsa an rubuta 115 da North Canton, Ohio. Mai gyaran unguwa ya yanke filoginsa mai baki biyu ya sa irin namu. Da aka kunna, ƙwan fitilar ya mutu, injin ya riƙa ƙara mai ban tsoro, yaron da ke mana shara kuma ya ce ƙarfen yana jan hannunsa. Mai gyara ya ce haka kayan da suke, ƙarfi ne ya yi musu yawa, yaro ya dinga sa silifas. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Injin nan na wane zamani ne, kuma za mu iya ci gaba da aiki da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka karanta sauran, je ka zare injin daga soket ka kulle shi a ɗakin ajiya, kada yaron nan ya sake taɓa shi. Rashin kwanciyar hankalinka yana kan daidai.

Siffar da ka bayyana tsohuwa ce ƙwarai. James Murray Spangler, wani mai sharar kanti a garin Canton na jihar Ohio a Amurka, wanda ƙura ke tayar masa da asma, shi ya haɗa na farko a 1907 da ƙaramin moto da fanka da sandar tsintsiya, ya ɗaura rigar matashin kai a baya don ta tara ƙura. Ya sami rajistar ƙirƙirarsa a 1908, William Hoover mai sana'ar kayan fata ya saye ta, a shekarar kuma aka fitar da samfurin da ake kira Model O. Dubi naka da kyau, Spangler ne har yanzu: baki a ƙasa, fanka a tsakiya, jaka a rataye, mariƙi a sama. Abin da aka yi ta yi bayan nan ƙari ne da kwalliya.

Ƙarin da ya fi muhimmanci ya zo a 1926 da Model 700, lokacin da aka sa sandunan ƙarfe a jikin abin da ke juya burushi. Iska tana ɗan ɗaga kafet, sandunan suna bugunsa, yashin da ya nutse ya taso, burushi ya kwashe. Wannan ne dalilin da ya sa tsofaffin nan suke fitar da yashi daga kafet fiye da sababbi da yawa masu cin wuta ninki biyu ko uku. Fitilar goshi ta shigo a 1932, saboda haka naka bai girmi wannan shekarar ba. A 1936 Henry Dreyfuss, wanda ya tsara wa kamfanin Bell wayar tarho, ya fitar da Model 150. Kafin shi moto a tsirara yake zaune a kan gindi kamar tukunya a kan murhu. Dreyfuss ya lulluɓe shi da murfin Bakelite, wata irin roba mai tauri da santsi, ya yi gindin da ƙarfen maganiziyam mara nauyi, injin ya tashi daga kayan masana'anta ya zama abin da uwargida ba ta jin kunyar baƙi su gani. Idan ka ga kalmar Convertible a jikin naka, to daga 1957 ne zuwa sama, kuma wannan dangin ya daɗe ana ƙera shi. Lambar samfur da ke kan farantin ƙasa ita za ta fayyace, turo min ita.

Akwai abu ɗaya a ƙirarsa da ya shafe ku kai tsaye. A irin waɗannan, datti ta cikin fankar yake bi kafin ya faɗa jaka. Tsakuwa, ƙwallon dabino, ƙwayar carbi da ta tsinke, tsabar kuɗi, duk sai sun daki fikafikan fanka, kuma kafet ɗin masallaci ba ya rabuwa da su. Sai a 1963 Hoover ya fitar da Dial-A-Matic, wanda datti ke shiga jaka tukuna, iska mai tsabta ta wuce ta fanka. Kamfanin Kirby na Cleveland yana cikin waɗanda suka riƙe tsohon tsarin har yau.

Yanzu maganar mai gyaranku, wadda ita ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai na ci karo da irinta.

Filogi ba ya canza wuta. Baki ne kawai da ke shiga soket. Lambar 115 da ka gani tana nufin an naɗa wayoyin moton ne don wutar gidajen Amurka, mai bolt 110 zuwa 120. Tamu a Najeriya da Nijar da Ghana 220 zuwa 240 ce. Ka yanke filogi, ka sa adafta, ka sa mai baki uku na zinariya in ka ga dama, abin da zai isa moto ninki biyu ne na abin da aka yi shi dominsa. Ƙwan da ya mutu nan take shi ne ya fara ba ku labari. Ƙarar da kuka ji kuma moto ne ke gudun da ya wuce ƙa'ida, kabon da ke kai wa moto wuta yana tartsatsi, koyil, wato naɗin wayar moto, yana dahuwa. Mutane suna jin wannan ƙugi su ce ai kayan Turai ke nan, akwai ƙarfi. Injin yana cin kansa ne. Wani lokaci fanka ce ke tarwatsewa, wani lokaci hayaƙi ne ke tashi a gefen jakar ƙyalle cike da busasshiyar ƙura, a kan kafet.

Batun ja kuwa ya fi wannan muni, kuma a nan ne nake rasa haƙuri da masu cewa a sa silifas. Babu na'urar da lafiyarta ƙalau da za ta ja hannun mutum. Ko tsohuwa ko sabuwa. Idan ƙarfe ya ja ka, wuta ta zurare daga inda ya kamata ta tsaya ta hau gangar jiki. Injinan wancan zamani da waya biyu aka yi su, babu ta ukun da ke kai wutar da ta zurare ƙasa, ga jiki na ƙarfe. Abin da ke tsakanin hannun mai shara da wuta shi ne robar da ta rufe wayoyi da fentin da ke jikin koyil, waɗanda suka shekara hamsin ko fiye. Na sha buɗe irinsu in lanƙwasa wayar da ta bi ta cikin mariƙi, robar ta dinga zuba gari-gari a tafin hannuna, jan ƙarfen ya fito fili. Ƙara da baƙar ƙurar kabon da ta taru a cikin moto, wadda ita ma wuta na bin ta. A kan wannan ne aka ɗora wuta ninki biyu.

Filogi mai baki uku da ya sa muku ma yaudara ce. Waya biyu ce ta shiga cikinsa, bakin na uku fanko ne, ba a haɗa shi da komai ba. Wanda ya gani sai ya ɗauka an yi aiki.

Ka kuma tuna inda injin zai yi aiki. Masallaci wuri ne da ba a shiga da takalmi, mutane suna shigowa da danshin alwala a hannu da ƙafa, gefen kafet siminti ne ko tayil. Jan da yaron ya ji yau yana tsaye a busasshen kafet, gobe idan ƙafarsa ɗaya tana kan jiƙaƙƙen tayil labarin daban ne. Ko wutar da ba ta kai ta kunna ƙaramin ƙwai ba, tana iya rikita bugun zuciya idan ta bi ta ƙirji. Kuma tana ƙanƙame tsokar hannu, mutum ya kasa sakin mariƙin. Mai gyaran da ya ji an ce ƙarfe na ja, bai ɗauko mita ya auna ba, ya ce a sa silifas ko a naɗe mariƙi da salatif, ya ɗauki ran ɗan mutane ya jingina da takalmin roba. Ba na cewa mugu ne, a gun ubangidansa ya ga ana yi. Amma wanda ya saba gyaran fanka da dutsen guga bai kamata ya yanke hukunci a kan abin da bai karanta farantinsa ba.

In kuna son ceto injin, ga hanya. A kai shi wurin mai naɗin moto da ke da mitar gwada zurarar wuta, wadda suke kira mega, ya auna tsakanin koyil da gangar jiki. Tasta mai kamar sukuddireba ba ta wadatar a nan. Idan koyil ya riga ya ƙone, sai an sake naɗi. A canza duk wayoyin ciki da na waje, a sa mai uku, a ɗaure ta ukun a jikin ƙarfen, a kuma tabbatar soket ɗin masallacin kansa yana da wayar ƙasa ta gaske, don da yawa ba su da ita. Sannan a sayi taransifoma mai rage wuta zuwa 110. Girmanta daga farantin za a lissafa: a ninka bolt da amp. Misali in an rubuta amp 4, wat 460 ke nan, sai a ɗauki mai wat 1000 saboda fizgar da moto ke yi lokacin tashi. 'Yar ƙaramar da ake cajin aska da ita narkewa za ta yi. Ku sani kuma yawancin taransifomomin nan rage wuta kawai suke yi, ba sa hana ta jan mutum, don haka a sa wa layin na'urar da ke yanke wuta da zarar ta zurare, mai miliamp 30.

Ku lissafa kuɗin wannan duka, ku haɗa da wahalar samun bel da jakar takarda ta ciki, ku kwatanta da farashin injin da aka yi don wutar 230. Sau da yawa na biyun ne ke fin sauƙi ga masallacin da ake sharewa kullum. Wanda ya ba da kyautar a yi masa godiya a kuma yi masa bayani. Idan lambar ta nuna injin na zamanin Dreyfuss ne, kada ku sayar wa 'yan jari-bola a kan kilo, akwai masu tara irinsu, sai dai a cire filogin gaba ɗaya kafin ya bar hannunku.