Wod ko baba: ina zan zuba kuɗin adashena?

Tambaya: Malam, ina haɗa sabulu a gida, ina kuma sarin yadin rini a Kano. Na ga Turawa suna fitar da shuɗi daga wani ganye wai shi wod, suna rina tufafi da shi, suna sa shi a sabulu, su sayar da tsada. Na kusa kwasar adashe. In sayo irin in shuka?

Amsa: Hajiya, riƙe kuɗinki tukuna. Wod ɗan ƙasar sanyi ne, dangin kabeji. Da shi attajiran Tulus a Faransa da na Erfut a Jamus suka yi arziki, har ranar da shunin Indiya, wanda ake samu daga ganyen baba, ya shigo ya kashe musu kasuwa. Sai da aka kafa dokar hana shigo da shi, amma a banza. Shuɗin iri ɗaya ne, sai dai wanda ke cikin ganyen baba ya ninka na wod nesa ba kusa ba.

Duba wahalar. A tsinko ganye a jiƙa shi a ruwan zafi a ranar, a tace, a zuba soda, a yi ta kaɗawa har kumfa ta yi shuɗi, sannan a jira garin ya kwanta. Duk wannan, kilo guda na ɗanyen ganye da ƙyar ya ba ki gram 4. Ki ɗora kuɗin gona da itace da ladan ma'aikata, ki gaya mini inda riba take.

Ga baba kuwa a ƙofar gida. Ki leƙa marinar Ƙofar Mata ko ki je Kura, ki zauna da marina, ki ji farashin baba da shuni daga bakinsu. Amma ki buɗe ido: tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuɗin masana'anta, kuma ba duk garin da aka kira shuni ne ya fito daga ganye ba. In za ki ce wa mai saye naki na gargajiya ne, to ki san gonar da ya fito.

A sabulu shuni kaɗan ake sawa. Ki fara da kwaɓi ɗaya, in ya bushe ki wanke hannu da shi ki goge da farin tawul. In tawul ya yi shuɗi, shunin ya yi yawa. Kada ki buga leda da suna sai kin wuce wannan gwajin, kin kuma ware kuɗin rajistar NAFDAC.