Bakteriya ba ta da mitokondiriya, to a ina take haɗa ATP?

Tambaya: An koya mana cewa mitokondiriya, wani sashe a cikin ƙwayar halitta, ita ce ke haɗa ATP, sinadarin da ke ɗauke da ƙarfin da ƙwaya ke aiki da shi, sai kuma aka ce bakteriya ba ta da ita. To daga ina take samun ƙarfi, kuma da me take jawo abinci ciki?

Amsa: Tantanin da ya kewaye ƙwayar shi ke ɗauke da aikin. Idan bakteriya ta farfasa sukari, elektaron (ƙananan ɓurɓushi masu cajin lantarki) da ta cire sukan bi jerin furotin da ke jikin tantanin, su ƙare kan oksijin, ko sinadarin naitiret in babu oksijin. Suna wucewa ana tura H+, wato haidurojin mai ɗauke da caji, waje. Waje ya cika, ciki ya ragu, a samu bambancin caji na kusan milibolt 150 (ma'aunin ƙarfin lantarki) a bakteriyar E. coli. Tamkar ruwa ne aka tare a madatsa. Peter Mitchell ne ya kawo wannan bayani a 1961, ya samu kyautar Nobel a 1978.

Babbar ƙofar da H+ ke komawa ciki ita ce injin haɗa ATP, kuma juyawa yake yi da gaske. Yana da wani zobe mai juyawa, wanda a E. coli ke da gurbi 10: H+ goma su shige, ya zagaya sau ɗaya, ATP uku su fito. Wasu masu rayuwa ba oksijin kuwa sukan juya injin baya, su ƙona ATP don tura H+ waje. Da gani kamar asara ce, amma in madatsar ta ƙafe, wasu ƙofofin abinci sun tsaya.

Misali, furotin LacY yana shigar da laktos (sukarin madara) ɗaya tare da H+ ɗaya, ko da ciki ya fi waje yawan laktos. Sukarin maltos ta wata irin ƙofa da ake kira ABC yake shiga, mai kashe ATP kai tsaye, kuma tana kamo sukarin ko da ƙalilan ne. Gulukos kuwa ana liƙa masa fosfet daga PEP, wani sinadari da ake samu wajen farfasa sukari, yana kan shiga, sai ya kasa fita.

Idan tantanin ya fara yoyo, kamar yadda sinadarin CCCP ke jawowa, ƙwayar za ta ci gaba da ƙona sukari amma injin ATP ya tsaya, LacY ma haka. Jantamaisin, wani maganin kashe bakteriya, ma da wannan caji yake shiga, shi ya sa ba ya kashe bakteriyar da ke rayuwa ba oksijin. Bedakwilin, maganin tarin fuka, kuwa zoben injin yake kamawa ya hana shi juyi.