Hukuncin Gasar Wasan Kwamfuta Da Ake Cire Kyautarta Daga Kuɗin Rajista

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne a Jekadafari, cikin garin Gombe. Na gama bautar ƙasa bara, har yanzu aiki bai samu ba. Akwai wani wasan kwamfuta da muke yi ni da abokaina, sunansa Civilization VI. Kowa zai ɗauki daula ɗaya ya gina birane, ya yi noma da ciniki da bincike, ya ƙulla amana ko ya yi yaƙi, tun daga zamanin da har zuwa zamanin roka. Ko an sa shi a mafi sauri zagaye 250 ne, yakan cinye mana awa 5 zuwa 6. Ina so in shirya gasa ta Asabar da Lahadi a wani gidan kallon ƙwallo, a haska a bango da majigi, 'yan kallo su sayi tikitin N500. 'Yan wasa 16 ne, kowa zai biya N5,000 na rajista. Za a cire N30,000 na haya da man janareta, ragowar N50,000 a ba wanda ya zo na ɗaya. Ni ma zan buga. Mutum 11 sun riga sun biya, kuma kuɗin kafin alƙalami na wurin a hannun mahaifiyata na ranta. Wani abokina mai karatu ya ce ba caca ba ce tunda ƙwaƙwalwa ce ba sa'a ba, wai Ibnu Taimiyya ya halatta irin wannan, ga shi ma Saudiyya tana yi. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya tun kafin a kunna janareta, Allah kuma ya buɗa maka hanyar abinci ta halal.

Duk bayanin da ka yi, hukuncin yana rataye ne a wuri ɗaya, inda ka ce ragowar N50,000 za a ba wanda ya zo na ɗaya. Kuɗin nan daga aljihun mutum 16 suka fito, kowannensu ya shiga yana tsakanin abu biyu: ko ya kwashe na 'yan'uwansa, ko a kwashe nasa. Wannan ita ce caca, kuma haramcinta ba ya buƙatar in tsaya jero maka ayoyin Ma'ida, ka san su. Kiran kuɗin da sunan rajista bai canza komai ba. Saboda haka gasar a yadda ka tsara ta ba ta halatta ba, kai kuma da ka shirya ta nauyinka ya fi na wanda ya biya ya zauna.

Maganar abokinka ce nake so in tsaya a kanta, domin ba shi kaɗai ke faɗinta ba, kuma tana da zaƙi a kunnen matasa.

Cewa wasan ƙwaƙwalwa ne, to ai malamai ba da sa'a suka auna caca ba. Abin da suka duba shi ne dukiya ta tashi daga hannun wani zuwa hannun wani ba da ciniki ba, ba da ƙwadago ba, ba da kyauta ba, sai don kawai wane ya ci wane. Shaɗaranji, wato ces, babu ɗigon sa'a a cikinsa, amma Ibnu Abdil Barr ya hakaito ijma'i cewa yin sa a kan kuɗi haramun ne. Hatta Shafi'iyya da suka fi sauran sassauci, suka ce makaruhi ne kawai, sharaɗinsu na farko kada a sa kuɗi. Ka je ƙarƙashin bishiya inda dattawa ke dara, ƙwarewa ce zalla, amma ranar da aka ga kowa ya ajiye ɗari biyar a gefen gurbi babu mai shakkar sunan abin. Balle ma wasan naku bai rabu da sa'a ba. Na sa wani ɗalibina ya buɗe min shi a laftof na gani: taswirar kwamfuta ce ke zana ta, wani ya faɗo bakin kogi ga dawakai ga ƙarfe, wani a jefa shi cikin hamada maƙwabta sun kewaye shi, tun kafin kowa ya taɓa komai.

Sai batun Ibnu Taimiyya. Asalin babin shi ne hadisin Abu Huraira da ma'abota Sunan suka ruwaito, cewa babu kyautar tsere sai a harbi, ko raƙumi, ko doki. Gaskiya ne shi da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun faɗaɗa, sun shigar da abin da ke ɗaukaka addini kamar gasar ilimin shari'a, suka kafa hujja da yarjejeniyar sa dukiya da Abubakar Siddiƙ ya yi da Ƙuraishawa kan nasarar Rumawa. To amma abokin naka ya karanta rabi ya rufe littafi. Ibnu Taimiyya ɗin nan yana cikin waɗanda suka fi kowa tsanantawa a kan shaɗaranji, yana ganin haramun ne ko babu kuɗi, har yana ganin ya fi nardu, wato wasan allo da ake jefa ƙwayar sa'a, muni saboda yadda yake cinye zuciya da tunani. Mutumin da ya faɗi haka kan wasan allo, shi za a ɗauko ya zama lauyan wasan da ake kwana ana yi? Ita kuwa yarjejeniyar Abubakar a kan gaskata labarin Alƙur'ani aka yi ta, kuma a ruwayar Tirmizi an faɗa ƙarara cewa hakan ya faru kafin a haramta irin wannan yarjejeniya.

Na san amsar da za ta biyo baya: ai yaƙin yanzu da kwamfuta ake yi, wannan kuwa koyon dabarun yaƙi ne. Tsohuwar hujja ce, da ita aka yi ta kare shaɗaranji tun ƙarnoni, malamai ba su karɓa ba. Wanda ya yi sukuwa yakan sauka ya ƙara iya doki, wanda ya yi harbi hannunsa ya ƙara saiti, abin da aka koya shi ne ainihin abin da za a yi a fagen daga. Wanda ya cinye duniya a zagaye 250 ya tashi ne ya ƙara iya Civilization. Ban ce babu amfani ko kaɗan ba. Na ji daɗi da na ga an sa Mansa Musa na Mali a cikin ƙarin da aka fitar a 2019, an kuma sa Sarauniya Amina ta Zazzau a kashi na bakwai da ya fito a 2025. Yaro zai iya jin sunan ya je ya nemi tarihinsu. Sai dai wannan amfanin iyakarsa ya sa a ce wasan ba aikin banza ba ne tsantsa. Bai kai ya buɗe ƙofar da aka buɗe wa kayan jihadi kaɗai ba.

Saudiyya kuwa, aikin hukuma ba hujja ba ne a shari'a, ko ta wace ƙasa ce. Kuma ko a can, babbar gasar wasannin kwamfuta da aka yi a Riyad a 2024, wadda kyautarta ta haura dala miliyan 60, masu shiryawa da masu ɗaukar nauyi ne suka fitar da kuɗin, ba karo-karo aka yi tsakanin 'yan wasa ba.

Akwai wata dabara da za a kawo maka, gara in riga su. Za a ce a bar mutum ɗaya ko biyu su shiga kyauta, shi ke nan kuɗin bai fito daga kowa da kowa ba. Wannan shi ne muhallil, kuma waɗanda suka yarda da shi a tseren doki da raƙumi da harbi suka yarda. Imamu Malik ko a can bai karɓa ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Doha a 2003, ta yanke cewa duk katin shiga gasa da kuɗinsa ko wani ɓangarensa ke shiga cikin kyauta nau'i ne na caca.

To ina mafita? Ka raba kuɗin gida biyu da ba sa haɗuwa. Haya da mai hidima ce ta gaske, halal ne 'yan wasa su raba ta: N30,000 tsakanin mutum 16, kowa N1,875. Mutum 11 da suka biya ka kira su ka mayar wa kowa N3,125, ka gaya musu dalili ba tare da kwana-kwana ba. Wanda ya ce don kyautar ya shiga, ya fasa, ka ba shi N5,000 ɗinsa cif. In kana son ladan wahalarka ka faɗi adadinsa a fili tun farko, halal ne, amma kada ka karɓa da sunan lada sannan ka juya ka maishe shi kyauta, wannan zagaye ne aka dawo gidan jiya.

Kyautar ta fito daga wanda ba ya cikin wasan, kamar wani mai shagon waya ko kwamfuta da ke son a ambaci shagonsa, a kuma san adadinta kafin a fara. Ko a nan ma kada ka ɗauka babu magana. Mashhurin mazhabarmu ta Malikiyya shi ne abin da ba harbi ko tseren raƙumi ko na doki ba a yi shi ba tare da an sa lada ba, sai dai an hakaito zance biyu, halasci da karhanci, kan wanda ya ba 'yan kokawa ko 'yan tseren ƙafa wani abu don raɗin kansa. Ni ina tare da halasci idan abin ya tsira daga haram.

Ka ce kai ma za ka buga. Shawarata kada ka buga. In kyautar daga kuɗin tikitin 'yan kallo za ka fitar, ta zama daga aljihunka ke nan, tunda sun biya kujera ne kuɗin ya zama naka. A Risala ta Ibnu Abi Zaid kuwa an kawo maganar Malik cewa wanda ya fitar da kyauta in shi ya ci ba ta komawa gare shi, ta mai bi masa ce. Ban da wannan ma, kai ne mai riƙe kuɗi, kai ne mai raba rukuni, kai ne alƙali in wuta ta ɗauke. Ranar da ka ci, ko da gaskiyarka, ba za ka iya rufe bakin mutane ba.

Tikitin kansa ban haramta shi ba, muddin ba a haɗa shi da ƙuri'ar cin kyauta ba, ba a kuma tilasta wa ɗan wasa sayen wasu adadi ba. Amma ka sani Risalar nan ta karhanta zama wurin masu shaɗaranji da kallonsu, don haka abu ne da ake haƙuri da shi, ba abin da zan ce ka gina rayuwarka a kai ba. Abin da ya fi damuna da 'yan kallo shi ne caca ta gefe. Gidan kallon ƙwallo ne, da yawan masu zuwa sun saba da shagunan bet, kafin a kai zagaye na hamsin za ka ji ana "dubu biyu wane ne zai ci". Ka sanar tun a ƙofa, ka sa mai lura. Sannan majigi zai nuna abin da wasan ya ɓoye wa abokin hamayya, saƙo ɗaya ta waya daga cikin 'yan kallo ya isa ya tona inda rundunar wani take. A karɓe wayoyin 'yan wasa, su ba bango baya. Haka mutum biyu su haɗa baki su murƙushe na uku don su raba kyauta, ha'inci ne.

Abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi tsaya min a rai lokacin da aka nuna min wasan, shi ne sashen addini. Tun farko ana zaɓar abin bauta, na teku ko na yaƙi, sannan a tara maki a samu wanda suke kira babban annabi, cikin sunayen har da wanda Nasara ke nufin Annabi Yahaya (AS) da shi. Da shi ake kafa addini, Musulunci yana cikin jerin da ake zaɓa, a tura masu wa'azi su yi arangama, wani addini ya shafe wani. Ban ce wanda ya danna maɓalli ya kafirta ba, kada a ɗauki maganata a kai ta can. Amma ka hango ɗaki cike, a garin da Musulmi da Kirista ke zaune tare, bango yana nuna jinjirin wata ko gicciye yana gushewa daga birni ana tafi da ihu. Wasan yana ba da damar kashe nasara ta hanyar addini tun wurin saiti, ku kashe ta. Ku kuma sa doka kada kowa ya ɗauki suna ko alamar addinin gaske, tunda ana iya ƙirƙirar suna. Wanda zai iya buga wasansa bai taɓa sashen nan ba, shi ya fi. Kiɗan a kashe shi, mata in za su zo a ware musu wuri, wasan kuma ya zama sayensa aka yi ba na sata ba.

Sallah ba sai na ce komai kan wajabcinta ba, tsarin nake so ka gyara. In kun fara ƙarfe 10 na safe, awa 6 za ta haɗiye Azahar ta taɓo La'asar. Ɗan wasa ɗaya ba zai iya tashi shi kaɗai ba alhali agogon zagaye yana tafiya, don haka kai ne za ka rubuta lokutan tsayawa a jadawali, a adana wasan, a kashe majigi, kowa ya fita. In ka bar shi sai an ga dama, za a yi ta "bari a ƙarasa wannan zagayen" har rana ta faɗi, kuma kai ka san haka ya sha faruwa da ku a ɗaki. Na dare kada ya wuce Isha'i da nisa.

Kuɗin mahaifiyarka bashi ne, ba jari ba. Ka je ka gaya mata tsarin ya canza, kuma ko gasar ta yi riba ko ba ta yi ba za ka biya ta. Abin da ya fara shigowa na tikiti nata ne kafin naka. Mutumin da ya iya haɗa kwamfuta 16, ya shawo kan mai gidan kallo, ya tara mutane da kuɗinsu, yana da abin da cibiyoyin jarrabawar kwamfuta da makarantu ke nema. Ka kai takardunka irin waɗannan wuraren a makon da za ka fita neman mai ɗaukar nauyin kyautar. In ba a samu mai ɗaukar nauyi ba, ku yi gasar babu kyautar kuɗi, kowa ya biya N1,875 ɗinsa.

Wallahu a'alam.