Asibitin Kwamfuta: Fuskar kwamfuta ta koma fayau

Tambaya: Assalamu alaikum. An ɗauke wuta ina tsakiyar aiki. Da na sake kunna kwamfuta sai na tarar da fuskarta fayau, babu fayil ko ɗaya, har hoton bango ya canza. Aikina ya tafi ke nan? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, malam, da wuya a ce ya tafi. Canjin hoton bangon shi ne ya tona asirin matsalar. Windows na ajiye saitin kowane mai amfani a wani fayil mai suna NTUSER.DAT. Idan wuta ta yanke ana cikin rubutu a kansa, yakan lalace, sai Windows ta sauke ka a masaukin wucin gadi. Kada ka ajiye komai a nan, domin da zarar ka fita za ta share shi.

Buɗe C:, wato babban faifan ajiya na kwamfutar, ka shiga Users, ka nemi folda mai sunanka, ka buɗe Desktop. Kayanka na nan. Kwashe su zuwa filas tun kafin ka taɓa wani abu. Sannan ka kashe ka kunna sau biyu ko uku, sau da yawa wannan kaɗai ya isa. In ta ƙi, buɗe sabon asusu ka mayar da kayan ciki.

Wanda kuwa hoton bangonsa na nan, gumakan ne kawai suka ɓace, ya danna maɓallin dama na linzami a fili, ya zaɓi View, ya kunna Show desktop icons. In har sandar ƙasa ma ta ɓace, a danna Ctrl da Shift da Esc tare don buɗe Task Manager, tagar da ke nuna manhajojin da ke aiki, a zaɓi Run new task, a rubuta explorer.exe, manhajar da ke nuna gumaka da sandar ƙasa.

Tambaya: Mai gyara ya saka min manhajar ƙara sauri. Ta ce ta gano kurakurai barkatai a rajista, wato ma'ajiyar saitunan Windows, na bar ta ta goge. Tun daga nan maɓallin Start ya daina buɗewa. Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, garin neman ƙiba an samo rama. Yawancin abin da waɗannan manhajoji ke kira kuskure tsofaffin rubuce-rubuce ne da ba sa rage saurin komai, kuma a garin shara sukan haɗa da mai amfani. Kamfanin Microsoft da kansa ba ya goyon bayan amfani da su.

Danna maɓallin Windows da R, ki rubuta rstrui, wanda ke mayar da Windows yadda take a wata rana ta baya, ki zaɓi ranar da ta gabaci gogewar. Wannan ba ya taɓa takardunki da hotunanki, sai dai manhajojin da aka saka bayan ranar za su fita. In babu ranar da aka ajiye, ki bi ta Run new task ɗin da muka ambata, ki rubuta cmd, ki sa alamar ikon mai gudanarwa, sannan ki rubuta sfc /scannow, umarnin da ke gyara fayilolin Windows da suka lalace, ki jira ya kai 100%. Bayan haka ki rubuta sysdm.cpl, ki kunna System Protection, wanda ke ajiye irin waɗannan ranaku, don a kwamfutoci da yawa a kashe yake zuwa.

Maganar sauri kuwa, ki kashe manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta a sashen Startup na Task Manager. Mai RAM 4GB da tsohon faifai mai juyawa, sauya faifan da SSD, ma'ajiya mai sauri wadda ba ta juyawa, zai yi abin da babu manhajar da za ta yi. In gyare-gyaren fuska kike so, PowerToys, tarin ƙananan manhajoji na Microsoft, kyauta ne.

Tambaya: Kullum na kunna, agogon kwamfutata ya koma baya, shafukan intanet kuma suna ƙin buɗewa. Daga mai karatu a Kumasi.

Amsa: Ƙaramin batirin da ke kan allon cikin kwamfutar ne ya mutu, CR2032 mai bolt 3. Shafukan na ƙi ne saboda burauza na auna takardar tsaronsu da kwanan watan kwamfutarka. Cire wayar wuta, sauya batirin, gefen mai alamar + yana kallon sama, sannan ka gyara kwanan wata.