Tanka, Sulke da Linzami: Amsoshi kan Kalmomin Kayan Yaƙi

Tambayoyin da suka taru a wannan karo sun shafi sunayen motoci da makaman soja, musamman na ƙananan ƙasashe waɗanda dakarunsu ba su wuce 'yan dubbai ba, saboda haka na haɗa su wuri guda.

Tambaya ta farko daga wani mai fassarar labarai ce, ga abin da ya ce: “Malam, Allah ya ƙara basira. An ba ni labarin faretin sojojin wata ƙaramar ƙasa, na rubuta cewa sun fito da tankokin yaƙi, sai edita ya ce ƙasar ba ta da tanka ko ɗaya. Ashe ba kowace mota mai sulke ce tanka ba?”

Ɗan'uwa, editanka ya yi gaskiya, kuma wannan kuskure ya yi yawa a rubuce-rubucenmu har ya kusa zama jiki. Kalmar tanka aro ce daga Turanci, kuma asalinta ɓad-da-kama ne, domin lokacin da Ingila take ƙera waɗannan motoci a asirce a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai aka riƙa kiran su tankunan ruwa don kada 'yan leƙen asiri su gane, sunan kuma ya bi su har fagen daga, inda aka fara amfani da su a Faransa ranar 15 ga Satumba, 1916. A yau abubuwa uku ne suke haɗuwa kafin a kira mota tankar yaƙi: tana tafiya a kan sarƙa irin ta katafila maimakon tayoyi, tana da sulke mai kauri ƙwarai, sannan a samanta akwai kai mai juyawa wanda yake ɗauke da babbar bindiga. Tankar T-72 ta Tarayyar Sobiyet ta haura tan 40, faɗin bakin bindigarta milimita 125, Leopard 2 ta Jamus kuwa, a samfuranta na baya-bayan nan, ta haura tan 60. Mota mai sulke ta ɗaukar sojoji aikinta dabam ne. BTR-80, alal misali, tayoyi takwas gare ta, nauyinta bai kai tan 14 ba, tana ɗaukar sojoji bakwai ban da masu sarrafa ta uku, sulkenta kuma yana tare harsashin ƙaramar bindiga da ɓaraguzan bam, amma ba zai iya da harbin tanka ba.

Wannan bambanci ya fi muhimmanci idan ana maganar ƙaramar ƙasa, domin da yawa daga cikinsu ba su da tanka sam. Ailan ta dogara ne da motoci masu sulke samfurin Piranha guda 80, Luksambog kuwa, wadda sojojinta ba su fi kimanin dubu ɗaya ba, ta sayi motocin sintiri masu sulke samfurin Dingo guda 48. Dalilin a fili yake: tanka tana shan mai ba kaɗan ba, tana bukatar babbar tirela da za ta kai ta kusa da fagen daga, ba kowace gada ce za ta ɗauke ta ba, ga kanikawa da kayan gyara da dole a tanada mata shekara da shekaru. Mai fassarar da ya ba irin wannan ƙasa tankoki a rubuce ya sa mai karatu ya ɗauka tana da ƙarfin kai farmaki, alhali abin da ta tanada na sintiri ne da aikin wanzar da zaman lafiya. Amma fa kada a mayar da wannan doka, domin Singafo ƙarama ce ƙwarai, duk da haka tana da tankokin Leopard 2 da jiragen yaƙi samfurin F-15 da F-16. Ita kalmar sulke kuwa tamu ce tun zamanin yaƙin dawaki, ma'anarta rigar da aka saƙa da ƙananan zobban ƙarfe, kuma waɗanda suka ɗora ta a kan mota sun zaɓi daidai, domin lifidi, wanda yake na auduga ne da ake lulluɓa wa doki da mahayinsa, bai dace da ƙarfe ba.

Wata ɗaliba ta tambaya: “Malam, mene ne bambancin harsashi da albarushi? Ina jin ana cewa an kama alburusai dubu kaza, alhali na san albarushi gari ne.”

Malama, kin lura da abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Kalmomin duka biyu daga Larabci suka zo, haka ma bindiga. Harsashi ya samo asali ne daga kalmar da take nufin dalma, wato ƙarfen da ake narkawa a yi ƙwayar da ke fita daga bakin bindiga, albarushi kuwa shi ne garin da ke kamawa da wuta ya tunkuɗa ta. A tsohuwar bindiga ana ɗura kowanne dabam, a zuba gari, a danna, sannan a sa harsashi. Da aka zo da bindigar zamani sai aka haɗa su cikin kwanso guda na tagulla, gari a ciki, ƙwaya a baki, ɗan abin tayar da wuta a gindi, kuma tun daga nan bakin mutane ya daina rarrabe su, har jam'in alburusai ya koma nufin harsasai. Ba na ganin laifin wannan a maganar yau da kullum, amma a rubutun da ake son tantancewa na fi son a ce harsasai idan ƙirga su ake yi, a bar albarushi ga garin.

Akwai wani abu da kalmar harsasai take ɓoyewa, wanda kuma shi ne babban ciwon kan ƙaramar runduna, wato ba kowane harsashi ne yake shiga kowace bindiga ba. AK-47, wadda Mikhail Kalashnikov ya ƙera, harsashinta milimita 7.62 ne mai gajeren kwanso, mafi yawan bindigogin ƙasashen ƙungiyar tsaro ta NATO kuwa milimita 5.56 suke ci. Hatta harsashin 7.62 na NATO kwansonsa ya fi na AK tsawo, na NATO milimita 51, na AK milimita 39, saboda haka lambar ta zo ɗaya amma ba sa musanya. Haka abin yake a manyan bindigogi, na Yamma milimita 155, na tsarin Sobiyet 152. Ƙasar da ta karɓi kyautar makamai daga nan da can takan wayi gari da rumbu cike da harsasai da bindigogin da ba su san juna ba. Tun da muna kan bindiga, bari in ƙara da cewa bindiga mai jigida ita ce wadda ake ciyar da ita da harsasai a jere a kan ɗamara, igwa kuwa babbar bindiga ce mai cin dogon zango, wadda ake ja da mota ko a ɗora ta a kan sarƙa. Igwar da ke kan sarƙa, irin K9 da Estoniya ta saya daga Koriya ta Kudu, takan yi kama da tanka a ido, sai dai ita daga nesa take luguden wuta a kan abin da masu harba ta ba sa gani.

Tambaya ta uku ita ce ko roka da makami mai linzami abu ɗaya ne.

Ba ɗaya ba ne, kuma a nan Hausa ta yi abin a yaba mata. Linzami shi ne ƙarfen da ake sa wa doki a baki don mahayi ya juya shi inda yake so, saboda haka makami mai linzami shi ne wanda ake iya karkata akalarsa bayan ya bar inda aka harba shi, ko mutum ya karkata shi ko na'urar da ke cikinsa. Roka kuwa da zarar ta fita ta fita ke nan, kamar RPG-7 da soja yake saɓawa a kafaɗa. Wanda yake son ya ga dacewar sunan, ya dubi MILAN, makamin fasa tanka da Faransa da Jamus suka ƙera tare. Idan an harba shi, wata siririyar waya tana warwarewa a bayansa har tsawon kusan kilomita biyu, maharbin kuma ba ya ɗauke ido daga madubin saiti, yana riƙe da tankar a tsakiyarsa, na'ura tana aika gyara ta cikin wayar har makamin ya isa. Wannan linzami ne na zahiri, har da ragamarsa. Javelin na Amurka kuwa ba shi da waya, zafin jikin tankar yake bi da kansa, maharbi ya harba ya bar wurin, amma duk da haka sunan ya hau shi, tun da ana sarrafa tafiyarsa.

Irin wannan makami ne ya sauya lissafin rundunonin da ba su da kuɗi. A shekarar 1987 sojojin Chadi, ƙarƙashin jagorancin Hassan Djamous, sun ɗora MILAN da Faransa ta ba su a bayan motocin Toyota a-kori-kura, suka far wa sansanin Libiya a Fada a watan Janairu, sannan suka ƙwace Wadi Dum a watan Maris, suka lalata tankoki masu yawa, har aka riƙa kiran wannan yaƙi da sunan motar. Wanda zai ba da wannan labari da Hausa kada ya kira motocin masu sulke, domin ba su da shi, saurinsu da sanin hamada su ne kariyarsu.

Wani ya yi ƙorafi cewa sunan jirgi maras matuƙi ba daidai ba ne, tun da akwai mai tuƙa shi daga ƙasa. Maganarsa tana da kan gado, amma abin da ake nufi shi ne babu matuƙi a cikinsa, kowa kuma ya fahimci haka, saboda haka ban ga dalilin tayar da kalmar da ta riga ta zauna ba.

Sai tambayar wani dattijo: “Malam, na ji an buga karin maganar nan, ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, a kan ƙaramar ƙasar da ke neman sayen jiragen yaƙi. Ya dace kuwa?”

Baba, ya dace, muddin an fahimce shi yadda yake. Karin maganar ba zagin kaza yake yi ba, rashin dacewar abu biyu yake nunawa, rashin dacewar da ta fito fili har ba ta bukatar gwaji. Jirgin yaƙi ba a sayensa a ajiye, sai da matuƙan da za su riƙa tashi a kai a kai don kada hannunsu ya mutu, da injiniyoyi, da filin tashi, da na'urar hango jirage, kuma kuɗin riƙe shi tsawon rayuwarsa yakan zarce kuɗin sayensa. Niyu Zilan ta rushe rundunar jiragenta na faɗa a 2001. Estoniya da Latbiya da Lituweniya ba su da jiragen kare sararin sama, tun 2004 ƙasashen NATO ne suke karɓa-karɓa wajen yi musu sintiri. Aisland ba ta da rundunar soja ta dindindin ko da yake tana cikin NATO tun 1949, Kosta Rika kuwa ta soke rundunarta baki ɗaya a 1948. Mai suka zai iya mayar da martani da wani karin maganar, ya ce zanen aro ba ya rufe katara, domin wanda ya jingina tsaron samansa ga abokai yana ƙarƙashin ra'ayin abokan ne. Duka biyun suna da wurin zama, sai dai na farko ba ya hawa kan ƙasa irin Singafo, wadda take da dukiyar riƙe abin da ta saya, domin a wannan magana aljihu ake aunawa, ba faɗin ƙasa ba.

Tambaya ta ƙarshe ta haɗa karin magana biyu da mai tambayar yake ganin suna karo da juna: ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, da kuma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ya ce wanne ne gaskiya a kan ƙaramar runduna?

Ba sa karo, domin ba mutum ɗaya suke yi wa magana ba. Na farko gargaɗi ne ga babba, kuma a lura da kalmar tsone: haki ba ya kashe mutum, yana sa shi hawaye ne, ya tsayar da shi, ya ɓata masa tafiya. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da ƙaramar ƙasa take saye idan ta zuba kuɗinta a makaman fasa tanka da nakiyoyi da na kakkaɓo jirage, wato ta sa mai niyyar mamaya ya ga cewa abin da zai kashe ya fi abin da zai samu. Na biyu kuwa yana magana ne a kan abin da ke faruwa idan faɗa ya yi tsawo. Yaƙin da Tarayyar Sobiyet ta ƙaddamar a kan Finlan ranar 30 ga Nuwamba, 1939, ya nuna su duka biyu. Finlan, wadda mutanenta ba su kai miliyan huɗu ba a lokacin, tankokinta kuma ba su taka kara sun karya ba, ta yi wa maharan mummunar ɓarna a cikin dazuzzuka da dusar ƙanƙara, har da kwalaben fetur da ake cinna wa wuta a jefa wa tanka. Amma da aka yi ta turo sababbin dakaru da igwa ba ƙaƙƙautawa, sai harsasanta da mutanenta suka fara ƙarewa, yaƙin ya tsaya ranar 13 ga Maris, 1940, ta sallama kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙasarta, ta tsira da 'yancinta. Wanda zai rubuta labarin watan Disamba na wannan yaƙi ya ɗauki karin maganar haki, wanda zai rubuta na watan Maris kuwa na sarkin yawa ne ya dace da shi.