Tarin fuka ya kama ido: biza da aiki da zuwa gida

Wani ɗan'uwa da ke aikin kula da tsofaffi a Ingila ya rubuto cewa idonsa na dama ya yi ja, haske na damunsa, yana ganin ɗigo-ɗigo na yawo. Likita ya ce tarin fuka ne, alhali ba ya tari, kuma an yi masa hoton ƙirji kafin biza. Yana tsoron rasa aiki, ga bikin ƙanwarsa a Kano.

Malam, Allah ya ba ka lafiya. Hoton da aka yi maka kafin biza huhu kaɗai yake dubawa. Ƙwayar cutar takan kwanta a jiki shekaru, sannan ta bi jini ta kumbura cikin ido. Ba kasafai ake kama ta a ruwan ido ba, don haka likita alamu yake haɗawa: abin da ya gani a bayan ido, gwajin jini na IGRA ko allurar fata da ake dubawa bayan awa 48 zuwa 72, sai sabon hoton ƙirji. Allurar BCG, rigakafin tarin fuka da ake yi tun yarinta, takan ruɗa gwajin fata, shi ya sa aka fi amincewa da na jini. Za a gwada tunjere da HIV. Kada ka ji haushi, kowa ake yi wa.

Wata biyun farko magani huɗu ne: rifampicin, isoniazid, pyrazinamide da ethambutol. Daga nan rifampicin da isoniazid kaɗai na aƙalla wata huɗu, wani lokacin a ƙara. Ana haɗawa da bitamin B6, sau da yawa da prednisolone don kumburi. Prednisolone shi kaɗai haɗari ne, domin idon zai yi sanyi, ƙwayar kuwa ta samu sarari. Kada wani ya aiko maka da maganin ɗigawa daga kemis na gida.

Fitsari da hawaye za su koma ruwan lemo, wannan aikin rifampicin ne. Amma idan ja da kore suka fara rikice maka, ko gani ya dushe, dakatar da ethambutol ka kira asibiti ranar, don yana taɓa jijiyar gani. Amai ko farin ido ya koma rawaya, hanta ce, kada ka kwana ba ka je asibiti ba.

Batun takardu, gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne ga kowa a NHS, wato asibitocin gwamnatin Birtaniya, ko wace irin biza yake da ita, don haka babu bashin da zai biyo ka wajen sabunta biza. Idan huhunka lafiya lau, ba ka yaɗa cutar. Nemi takardar da ta faɗi haka ka kai wa mai aikinka.

Bikin kuwa, idan ya faɗo cikin wata biyun farko, ni dai zan ce aika gudummawa ka ba Hajiya haƙuri. Lokacin ne ake yawan duba hanta, kuma idon kan ƙara kumbura kafin ya lafa. Bayan nan ka tafi da cikakken magani a jakar hannu, da wasiƙar likita, da ƙarin na mako biyu saboda jinkirin jirgi.